Amper 2 da Tsakar Ranar Afrilu: Inda Wutar Sola Ke Zurarewa a Wani Jirgin Ruwa na Yamai

Jirgin na katako ne, irin dogayen nan masu rumfa a tsakiya. Yana jigilar mutane da kaya tsakanin Yamai da garuruwan da ke sama da ita a bakin kogin Isa, kuma babbar ranarsa ita ce Laraba, ranar da kasuwar Bubon ke ci. Injin da ke bayansa na jan igiya ne, ba ya cajin komai. Fitilu uku, da ƙaramin famfon kwashe ruwa, da akwatin kiɗa, da salulolin fasinjoji, duk a kan batura biyu suke. A da ɗaukar baturan ake yi a kai su caji cikin gari. Da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023, cajin gari ya koma sai wanda ya dace. Saboda haka da sanyi ya shigo, mai jirgin, wani dattijo Bakabe da ya daɗe a bakin ruwan nan, ya sa aka ɗora masa pano ɗaya na hasken rana a kan rumfa, mai wat 150, da ƙaramin regilater, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga pano.

Duk tsawon hunturu bai yi kuka da shi ba. Wajen tsakiyar azumi, cikin Maris ɗin 2024, fitilu suka fara dushewa da wuri. Bayan ƙaramar salla ko rabin dare ba sa kaiwa, famfo kuma sai ya yi gurnani ya tsaya. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne lambar da ke fuskar regilater: ga ranar Afrilu tana dukan ƙoƙon kai, amma amper, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya, ya tsaya a 2 da ɗan wani abu, alhali a Janairu, lokacin da rana ba ta da wannan kaifin, yakan ga 6.

Hukuncinsa ya riga ya yanke kafin ya neme ni, ni mai gyaran sola. Ya ce, "Malam, gilas kawai aka sayar mini. In rana ce abincinsa, ga ta nan har ta yi yawa." So yake in cire in sa masa wani, ko in ƙara na biyu. Na ce, "Alhaji, ku bari a auna tukuna, kada ku sayi abin da kuke da shi."

Lissafin ci da na samu

Ba a cewa pano ya gaza sai an san abin da ake nema a wurinsa. Fitilu uku masu wat 10 kowace, awa shida a dare, sun ci wat-awa 180, wato wat sau awa. Salula goma, kowace kusan wat-awa 10, an sami 100. Famfo yana jan amper 3, in aka tara kunna shi na yini bai wuce awa ɗaya ba, wato 36. Akwatin kiɗa wat 15 na awa uku, 45. Jimla kusan wat-awa 360, wanda a kan bolt 12 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta) ya zama amper-awa 30. Batir na dalma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa, don haka kafin a cike gurbin 30 sai an zuba kamar 35.

Hasken da ke sauka a Yamai a yini ya kai na awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Pano irin wannan, in lafiyarsa ƙalau, yana ba da wajen amper 7 da tsaka, wato kusan amper-awa 40 a yini. Ya isa, amma ba da rara mai yawa ba. In kuwa amper 2 zuwa 3 yake bayarwa, abin da ke shiga bai wuce 15 ba, ana kuma cire 30 kowane dare. Makonni ke nan ana cin bashin baturan.

Na zaɓi lokacin awo da gangan. A Yamai rana ba ta kai tsakiyar sama da ƙarfe sha biyu daidai, sai wajen ɗaya saura minti goma. Kuma da yake garin yana kan digiri 13 da rabi arewa da ikwaita, a ƙarshen Afrilu rana tana bi ta saman kai sak. Ma'ana, panon da aka shimfiɗa a kwance bisa rumfa yana zaune yadda ya fi dacewa a wannan watan. Ba za a ɗora laifi a kan karkata ba.

Gora da laka

Ban taɓa komai ba sai da na rubuta abin da na tarar: amper 2.1, batura a kan bolt 13.1. Da na hau rumfa sai ga gorar tura jirgi kwance a kan pano, ta ratsa shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ba sakaci ne ya kai ta can ba, kogi ne. Ruwan da ke tasowa daga Gini yana iso Yamai ne tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin kogi cike yake, inji kaɗai ya isa, gora tana kwance a ƙasan jirgi ba mai waiwayarta. Daga Maris ruwa yake ja, yashi ya fara fitowa, har ya kai ƙarshen janyewa a Mayu da Yuni. A lokacin kowane ɗan lokaci sai an ɗauki gora an tura, kuma wurin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne saman rumfa. Haka inuwar ta zo tare da bazara.

Faɗin gorar bai kai tafin hannu ba, abin da ta rufe na fuskar pano kaɗan ne ƙwarai. Amma pano irin wannan ƙwayoyi 36 ne a jere, wutar da ta fita daga ta farko sai ta bi ta cikin kowace ɗaya kafin ta kai waya. Ƙwayar da aka rufe wa rabin fuska rabin wuta kawai take barin ya wuce, sauran 35 ɗin kuma dole su bi ta. A cikin baƙin akwatin da ke bayan pano akwai diyod biyu, kowane yana tsaron ƙwayoyi 18, aikinsu su ba wuta hanyar kewaye ɓangaren da inuwa ta kama. A babban tsari mai panoni da yawa a jere wannan yana ceton aiki. A pano ɗaya mai cajin batir na bolt 12 kuwa ba ya ceton komai, domin rabin da ya rage bolt 8 zuwa 9 kawai yake iya bayarwa, bai kai na batir ba, balle ya tura masa wani abu. Da yaron jirgin ya ɗage gorar, lamba ta tashi daga 2.1 zuwa 3.8 nan take.

Daga nan na rufe pano da tabarma, na cire wayoyinsa daga akwatin baya, na buɗe, na auna shi shi kaɗai. Bolt ɗinsa ba tare da kaya ba 18.8. Wannan lambar ta wanke diyod ɗin biyu, don da ɗaya ya ƙone ya haɗe, abin da zan gani bai wuce 9 ko 10 ba. Sai na juya mita zuwa ramin amper 10, na haɗa bakunan biyu na ɗan daƙiƙu: amper 5.2. Takardar da ke bayansa ta ce 8.8.

Gilas ɗin da ido ba ya nuna datti sosai, sai ka goga yatsa ka ga layi. Ƙurar hunturu ce ta sauka, aka riƙa watsa mata ruwan kogi da ƙwarya, ruwan ya bushe ya bar laka, gobe a ƙara. Da yake panon a kwance yake sosai, ruwan ba ya gangarewa, sai ya taru a jikin bakin alminiyum ɗin da ya kewaye gilas. A can lakar ta yi kauri har ta ci kusan yatsa guda na ƙwayoyin layin gefe. Wannan ita ma inuwa ce, irin wadda ba ta gusawa. Ga kashin tsuntsaye wuri biyu. Muka wanke da ruwan famfon gari da ya sha rana a jarka, da tsumma mai laushi, muka jira ya bushe ya koma zafinsa. Amper 7.6, bolt 19.2.

Ga sararin sama mai ɗan hazo, 7.6 a kan 8.8 lamba ce ta pano mai lafiya. Na kuma auna girmansa da tef, don akwai panonin da takardarsu ta fi jikinsu girma. Tsawo mita 1.48, faɗi santimita 67, kusan murabba'in mita ɗaya. Irin wannan faɗin yana iya ɗaukar wat 150 ba tare da ƙarya ba. Na ce wa dattijon panonsa ba shi da laifi. Bai ce komai ba, yana jiran ya ga lambar regilater.

Maganar yaron jirgin

Tun muna wanki yaron ya faɗi wata magana da ta fi duk awon da na yi amfani. Ya ce, "Yaya, ni in na watsa masa ruwa lambar takan hau, amma kafin a gama shayin farko ta koma inda take." Shi a ganinsa ƙura ce ke saurin dawowa, shi ya sa yake ƙara watsawa, lakar kuma tana ƙaruwa.

Muka mayar da wayoyi, na sa ya zuba sauran ruwan jarkar a kan gilas ɗin da yake fes. Regilater ya nuna 6.1. Muna tsaye lambar ta fara sauka, 5.6, 5.2, har ta zauna a 4.7 cikin kamar rubu'in awa. Babu ƙurar da ta sauka a wannan ɗan lokacin. Abin da ya sauya kawai shi ne zafin pano.

A nan gizo ke saƙa. Zafi ba ya rage amper ɗin pano, hasali ma yana ɗan ƙara shi kaɗan. Bolt yake ci. Lambobin da ke kan takarda an auna su ne ƙwayoyin suna kan digiri 25 na Selsiyos, da haske wat 1000 a kan kowane murabba'in mita. A Yamai cikin Afrilu iskar inuwa kanta tana haura digiri 40, baƙin gilas a rana kuma yana ƙara kamar 25 a kan haka. Panon nan yana wajen digiri 65, ga shi an manne shi da kwanon rumfa babu inda iska za ta ratsa ta ƙasa. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cinye kusan kashi 0.3 cikin ɗari na bolt. Digiri 40 sun saukar da 22 na takarda zuwa 19 da ɗoriya, daidai da abin da mita ta nuna. Mafi muhimmanci, bolt ɗin da pano ke iya riƙewa yana ba da cikakken amper, wanda takarda ta ce 18, ya sauko zuwa wajen 15.2.

Wuta kamar ruwa take, daga tudu take gangarowa kwari, kuma sai da tazara take gudu. Batir da ke caji yana kan 13 da rabi, yana neman kaiwa 14.4. Regilater irin na jirgin nan, wanda ake kira PWM, ba ya sarrafa komai, haɗa pano da batir kawai yake yi kai tsaye, ya riƙa yankewa in batir ya cika. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 15.2 da 13.5, bolt ɗaya da rabi da ɗan kai, ita ce duk abin da waya da mahaɗai za su iya ci ba a ji a jiki ba. In suka ci fiye da haka, dole pano ya ɗaga bolt ɗinsa sama da 15.2, kuma daga wannan gaɓar amper ɗinsa faɗuwa yake yi da sauri, har ya kai sifili a 19.2. A tsarin da wayarsa ke da kyau, sanyaya pano ba ya motsa lambar amper. In ka ga ruwa ya ɗaga ta, zafi ya sauke ta, to akwai inda bolt ke zurarewa a hanya.

Neman wurin ba wuya, amma sai wuta tana gudu ake yinsa. Wayar da ba ta ɗauke da kaya, ko da zare ɗaya ya rage a cikinta, cikakken bolt za ta nuna maka, shi ya sa masu gyara da yawa suke auna bakin regilater su ga 19 su ce waya lafiya. Ana cikin caji na auna akwatin bayan pano: 17.1. Na auna inda wayar ta shiga regilater: 13.5. Bolt 3.6 sun ɓace tsakanin rumfa da bayan jirgi.

An ajiye batura da regilater ne can kusa da inji, mita 7 daga pano, wato zuwa da dawowa mita 14 na waya. Wayar irin ta fitilar ɗaki ce, an rubuta 1.5 a jikinta, wato kaurinta a murabba'in milimita. Jan ƙarfe na gaske mai wannan kaurin zai ci kamar bolt 0.8 a kan amper 4.7. Wannan ta ci 1.3. Na kankare zare ɗaya da wuƙa, jan ya tashi, fari ya fito: alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irinta ta cika kasuwa, ta fi sauƙin kuɗi, a hannu ma ta fi sauƙin nauyi, kuma tana hana wuta wucewa fiye da jan ƙarfe da sama da rabi.

Sauran bolt 2.3 a wuri ɗaya suke. Wayar ba ta kai ba aka yi mata ƙari, aka murɗe bakuna biyu da hannu, aka naɗe da baƙin salatif, aka tura ƙarƙashin katakon da ake takawa, inda ruwan da famfo ke kwashewa yake kwanciya. Da na taɓa wurin da ɗumi. Na warware salatif ɗin, sai farin gari da tsatsa kore, zaruruwan da suka rage a haɗe ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bolt 2.3 sau amper 4.7, kusan wat 11 ke nan suna zama zafi a wuri ɗaya, cikin jirgin katako, taku biyu daga jarkokin fetur, kuma babu fiyus ko ɗaya a duk tsarin. Wannan ya fi ƙarancin cajin tayar mini da hankali.

Yanzu tambayar dattijon ta sami amsa. A Janairu pano bai wuce digiri 50 ba, yana riƙe sama da bolt 16, mahaɗin kuma sabo ne bai ruɓe ba. Siririyar wayar tana cin rabonta, amma tazarar ta ɗauke. Da bazara ta zo, zafi ya matse tazarar daga sama, ruɓewar mahaɗi ta cinye ta daga ƙasa, laka da gora suka ƙarasa.

Gyaran bai da wani abin mamaki. Muka dawo da batura da regilater ƙarƙashin rumfa, cikin akwatin katako mai ramukan iska, sama da inda ruwa ke kaiwa, nesa da fetur. Hanya ta koma mita 3. Aka samo wayar jan ƙarfe ta gaske mai kauri 4, guda ɗaya babu ƙari, wadda a kan amper 7 ba ta cin fiye da bolt 0.2. Aka sa fiyus na amper 15 dab da kan batir. Aka ɗaga pano a kan katako biyu, tazarar yatsu huɗu daga kwano don iska ta ratsa, gefe ɗaya ya ɗan fi tudu don ruwan wanki ya gangare. Ba a karkatar da shi kudu ba, domin jirgi ba gida ba ne, duk inda ya juya panon ya juya. An kafa wa gora maƙalai biyu a gefen jirgi. Wajen haɗawa batir ake fara sa wa regilater, sannan pano. Lamba ta nuna 7.2, ta kuma zauna.

Batura

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan kamar awa ɗaya lambar ta fara sauka, ta kai 3. Dattijon ya dube ni ya ce, "To, Malam, ga ta nan ta koma." Amma wannan saukar daban take da ta farko, kuma bolt ne ke bambanta su. Ɗazu amper kaɗan ne batir yana kan 13. Yanzu amper kaɗan ne batir yana kan 14.4, wato regilater ne da kansa yake rage wuta don ya ga kamar an cika. Duk mai sola ya kamata ya riƙa karanta lambobin nan biyu tare. Amper kaɗan da bolt ƙasa, matsala tana wajen pano ko waya. Amper kaɗan da bolt sama, ko dai batir ya cika, ko kuma ya daina karɓa.

Baturan da aka yi makonni ana cin bashinsu ba za su cika cikin awa ɗaya ba. Batir na dalma in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ya rage wurin da ke karɓar caji. Irin wannan batir yana saurin hawa 14.4 da rana, yana saurin faɗuwa da dare.

Biyu ne a haɗe kai da kai: na sola mai ruwa, amper-awa 100, wanda aka saya tare da pano, da wani tsohon batir na mota, amper-awa 70, da aka ƙara don a sami auki. Na raba su, suka kwana ba kaya. Da safe babban ya nuna 12.1, na motar 11.6. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.7, a 12.2 ya kai rabi. Na ɗora wa kowane ƙwan fitilar mota mai wat 55. Babban ya riƙe. Na motar ya faɗo ƙasa da bolt 10 kafin minti biyar. Batir na mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu a tada inji a mayar masa nan da nan, farantansa sirara ne, ba sa jure a zuƙe su kowane dare. Kuma in an haɗa mai rauni da mai ƙarfi, da dare mai ƙarfin ne ke ciyar da shi. Aukin da aka nema ragi ya zama. Na ce a kai shi wurin masu sayen tsofaffin batura, kada a bar shi a bakin ruwa.

Babban kuma da na buɗe murafansa shida, ruwan ɗakuna biyu ya sauka har kan faranti ya leƙo. Yaron ya ce yakan ƙara masa ruwan leda. Ruwan sha, komai tsabtarsa, yana da gishirin ƙasa da ke lalata faranti, ruwan batir da aka tace ta hanyar tururi kaɗai ake zubawa. Abin ma ba baƙo ba ne a garin nan, don cikin na'urorin da cibiyar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, ta ƙera a zamanin da Farfesa Abdou Moumouni ke jagorantarta har da masu tace ruwa da zafin rana. Ma'aunin kaurin ruwan batir ya nuna 1.17 zuwa 1.19 a duk ɗakunan. Ƙasa ne, amma kusan daidai suke da juna, alamar yunwa ce ba mutuwar ɗaki ba. Da ɗaya ya yi nisa da sauran, da ban ɓata lokaci ba.

Aka sauke shi tudu, aka cika ruwansa, aka sa shi a caja mai ƙaramar wuta na dogon lokaci, gwargwadon yadda wutar gari ta bari. Ruwan ya hau zuwa 1.24 ya tsaya. Gwajin ƙwan fitila ya nuna abin da ya rage masa bai wuce amper-awa 70 ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada a ci fiye da rabin batir a dare, don haka 30 ɗin da jirgin ke ci ta shiga, da ƙyar. Zafi ma yana da nasa rabon a nan: masu sana'ar suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar batir na dalma biyu, wannan kuwa ya yi watanni kusa da inji, ƙarƙashin baƙar tamfol.

Maganar MPPT da ƙarin pano

Ɗan dattijon, wanda ke bin irin waɗannan abubuwa a salula, ya kawo shawarar a sayi regilater na MPPT. Irin wannan yana barin pano ya yi aiki a bolt ɗin da ya fi ba da ƙarfi, ya juya rarar bolt ɗin ta zama amper. A ƙasar sanyi, inda pano ke riƙe 18 batir yana 13, ribar tana da yawa. A nan da tsakar bazara rarar ita ce tsakanin 15.2 da 13.6. Amper 7.1 sau 15.2 wat 108 ne, abin da ake samu yanzu kuma 7.2 sau 13.6, wat 98. Wat goma, kafin na'urar ta ci nata. Ban ga dalilin kashe kuɗin ba. Ga kuma ƙananan regilater masu arha da aka buga wa haruffan MPPT a fuska alhali cikinsu PWM ne. Na gaske yana da naɗin waya mai nauyi a ciki, ana jin sa a hannu. Inda MPPT ya zama dole shi ne in za a sayi babban pano irin na rufin gida, mai ƙwayoyi 60 ko 72, wanda ke aiki a bolt 30 zuwa sama. In aka haɗa irin wannan da PWM a kan batir na bolt 12, fiye da rabin ƙarfinsa asara ne.

Da an bi shawarar farko an ƙara pano na biyu a kan tsohuwar wayar, lambar za ta ɗan motsa kaɗan, mahaɗin nan kuma ya ƙara zafi a gefen fetur.

Kuɗin waya da fiyus da katako da ruwan batir bai kai rabin kuɗin sabon pano ba. Na bar wa yaron aiki uku: wanki da sassafe ko da yamma da ruwan famfo, ba da tsakar rana ba, don ruwan sanyi a kan gilas mai zafi yana iya tsaga shi, duba ruwan batir duk ranar Juma'a, da karanta bolt da asuba kafin rana ta taɓa pano. A makonnin da suka biyo baya lambar asuba tana tsakanin 12.2 da 12.3, amper na tsaka kuma 7 ko kusa da haka, sai ranar da ƙura ta rufe gari.

Abu ɗaya ya rage a kan dattijon. Zuwa Nuwamba rana ta riga ta karkata kudu sosai, a Disamba da tsaka tana nesa da saman kai da kusan digiri 37, pano a kwance yana samun kashi 80 cikin ɗari na abin da zai samu da yana fuskantarta, ga hazon hunturu, ga dare ya ƙara tsawo. Batir mai amper-awa 70 ba zai ɗauki wannan ba. Mun tsaya a kan cewa kuɗin da ya ware don pano na biyu ya ajiye su, ya sayi sabon batir na sola mai amper-awa 100 kafin sanyi, ya sa shi shi kaɗai, tsohon kuma ya koma gida yana kunna fitila.